Kwana Goma na Inna Balki a Bakin Teku

Duk wanda ya saba bin hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi a shekarun baya, in dai motarsu tana tsayawa Kore Mairuwa, ya san Inna Balki ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai wushirya da ke zama gefen kwalta a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da manyan robobi biyu a gabanta, ɗaya ta dambu, ɗaya ta kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa. A ɗaya ƙarshen bencin kuma Kubra ce ke zama da farantin soyayyar fara da gujiya. Shekara ashirin da bakwai suka yi a kan bencin nan. Ni na san su ne lokacin da aka turo ni koyarwa a lakkol ɗin garin, wato makarantar boko, ban yi aure ba tukuna, abincin ranata duk a wurinsu yake. Har yau Inna Balki ba ta kirana da komai sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa.

'Yar Tibiri ce, aure ya kawo ta Kore Mairuwa. A shekarar da aka kawo ta aka kawo Kubra daga Sukukutane, darni ɗaya ya raba gidajensu. Mazansu sukan tafi cin rani Najeriya da zarar an kai hatsi rumbu, su bar su wata biyar, wata shida, to a nan suka shaƙu. Balki ta haifi biyu da suka rayu, Abdussalamu da ƙanwarsa Hindatu. Kubra ta haifi huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da Balki ta kwanta ciwo bayan haihuwar Hindatu, Kubra ce ta goya jaririyar wata uku. Tun suna da ƙarfinsu suka yi wa juna alkawari, rabi wasa rabi gaske, cewa duk wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka ta sa mata likkafani, kada a bar baƙon hannu ya taɓa ta.

Malam Issa, mijin Balki, ya rasu a 2014. Lokacin Abdussalamu ya riga ya kafu a Dogon Dutsi, yana da shagon kayan gyaran babur, yana zuwa Kwatano sau uku ko huɗu a shekara ya ɗauko kaya. Mutum ne mai riƙo da addini, cikin matasan 'yan kasuwar nan da ba sa fashin karatun bayan magariba, kuma yana son uwarsa ƙwarai. Tun a lokacin ya so ta bar bakin titi, ta ƙi. Sai a 2020, da gwiwoyinta suka fara kumbura, likita kuma ya ce tana da tansiyo, wato hawan jini, ya zo da mota. Bai yi mata faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa gabanta, ya ce mutane suna cewa yana cin mai kyau a birni uwarsa tana shan rana a bakin kwalta. Haka ta shiga motar.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne Abdussalamu ɗan fari ne, ita kuwa ta tashi a gidan da ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa doguwar magana, balle a yi jayayya da shi ido da ido. In za ta ambace shi sai ta ce "baban Afra'u". In tana da buƙata sai ta gaya wa matarsa Sahura, Sahura ta isar. Shi ya sha gaya mata cewa wannan al'ada ce kawai, ba addini ba, amma bakinta ya riga ya saba.

A gidan an ba ta ɗaki mai fanka da katifa mai kauri. Sahura mutuniyar kirki ce, ba ta bari surukarta ta taɓa muciya ko tsintsiya. In ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa sai a karɓe, a ce, "Inna, ki huta don Allah." Ba wanda ya hana ta fita, sai dai duk inda za ta a mota ake kai ta, a tsaya a jira ta. Kore Mairuwa ba nisa, amma sau ɗaya a wata take samun zuwa, ta ɗan zauna wurin Kubra, ɗanta yana cikin mota yana duba agogo.

Daminar 2022, da aka ba 'yan lakkol babban hutu, 'ya'yan gidan biyu suka matsa wa ubansu. Afra'u tana da shekara goma sha huɗu, Rumaisa'u tara, kuma 'ya'yan ma'aikata da ke ajinsu kullum labarin bakans suke ba su, wato tafiyar yawon hutu. Abdussalamu yana da kayan da zai karɓa a Kwatano cikin watan Agusta, sai ya ga ya haɗa biyun. Wata rana bayan la'asar ya shigo ɗakin uwarsa, Sahura tana bayansa.

"Inna, bana da ke za mu bakans," in ji shi. "Kwatano za mu. Ki ga teku, ki ci abincin mutanen can. Kin ƙare ƙuruciyarki kina ciyar da matafiya, ke ba ki taɓa wuce Doso ba."

Inna Balki ta dubi Sahura. "Gaya mishi Kubra ba ta da lahiya. Ko ruwa ba ta iya tashi ta ɗiba."

"Na sani, Inna," in ji shi. "Na sa an kai ta likita, an ba ta magani. Hindatu za ta riƙa zuwa daga Tibiri tana duba ta. Kwana goma ne kawai."

Ta so ta ce kwana goma da yawa ga mai irin ciwon nan, amma ya riga ya fara lissafa wa yara wuraren da za su gani, su kuma suna tsalle. Jajibirin tafiya aka kai ta ta yi wa Kubra sallama. Ta iske ta a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura har suna sheƙi. Kubra ta yi dariya ta ce, "Tahi ki gano muna ruwan nan da anka ce ba shi da ƙarshe. Ki zo mini da labari."

Daga Doso suka shiga babbar mota. A Gaya, kafin a haye gada, Abdussalamu ya karɓi katin ɗan ƙasa na kowa ya sa a jakarsa don kada ya ɓace. Suna wuce Malanbil 'yar wayar Inna Balki ta daina aiki, aka ce layin Nijar ba ya kamawa a nan. Ta riƙe ta a hannu har Paraku tana dannawa, daga baya ta ƙulle ta a bakin zane. Ƙasa ta yi ta canzawa, yashi ya ƙare, jan laka ya fara, itatuwa suka yi duhu, gonakin hatsi suka koma na doya da masara. Sai washegari suka isa.

Masaukin da ya kama musu a hawa na uku yake, a wata unguwa kusa da teku. Ranar farko sai da ta huta sau huɗu a matakala kafin ta kai sama. Tagar ɗakinta tana da ƙarafuna, in ta leƙa ta tsakanin gine-gine biyu tana hango wani ɗan tsiri na ruwa mai launin toka. Rurin tekun kuwa ba ya tsayawa. Ta ce mini da farko ta ɗauka hadari ne ke tasowa, ta yi ta jira a sauko da ruwa abin ya lafa, ashe haka yake kullum. Iskar ɗakin da danshi, in ta wanke ɗankwali sai ya kwana biyu bai bushe ba.

Da yamma aka kai ta bakin ruwan. Yara suka ruga, Sahura tana ƙwala musu kira. Ita ta tsaya can baya inda yashi ya bushe, tana kallon yadda ruwan ke tasowa ya fi tsayin mutum, ya faɗi, ya ja baya, ya sake tasowa. Abdussalamu ya tambaye ta yadda ta gani. Ta ce, "Ikon Allah." Ba ta ce ƙarya ba, amma abin da ke ranta shi ne a nan hanya ta ƙare, gaba ruwa, baya kuma garin da ba ta jin bakin kowa.

Abdussalamu ya tsara komai a wayarsa, kowace rana da wurin da za a je da abincin da za a ci. Da yake ba ya yarda da yankan da bai san mai shi ba, yawanci kifi suke ci. Ranar farko gasasshen kifi da akasa, wani farin tuwon gasara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye. Rana ta biyu ya kai su wurin wata Musulma da ya sani, suka ci amiwo, jan tuwon masara da aka tuƙa da tumatir da romon kaza. Bayan nan miyar kuɓewa da manja, da ƙaguwa da jatan lande a ciki, da soyayyar agada, da wagashi, cukun nonon shanu da ake soyawa a jefa a miya. Rumaisa'u ta ga ƙafar ƙaguwa a kwanonta ta yi tsalle ta bar kujera, kowa ya yi dariya.

Sai dai duk inda suka zauna, abin da yake fara gaya wa mai abinci da Faransanci shi ne a ware na tsohuwa, ba gishiri, ba yaji, ba mai. Haka za a kawo wa kowa kwano ja jawur yana tururi, ita a ajiye mata farin kifi da farin tuwo. Matar da ta yi shekara ashirin da bakwai tana ɗanɗana wa matafiya gishiri, tana zaune ƙamshin miyar yana shiga hancinta, tana gane akwai citta, akwai dakakken busasshen jatan lande, akwai wani ganye da ba ta sani ba kuma tana so ta sani. Ba ta iya tambayar mai dafawar, ba ta iya roƙon ɗanta. Afra'u kuma ta ɗaga waya ta ce, "Kaka, ki ce ya yi daɗi, za mu tura wa Gwaggo Hindatu."

"Ya yi daɗi," in ji ta.

Sau ɗaya, da Abdussalamu ya tashi wanke hannu, Sahura ta yi sauri ta zuba mata cokali guda na miyar kuɓewar. Ta ce mini miyar ta yi, amma da ita ce da ta rage manjan.

Kowace safiya takan ce wa Sahura a kira Hindatu a ji jikin Kubra. Wani lokaci a ce da sauƙi, wani lokaci a ce layi bai shiga ba. Rana ta uku aka je Wida, inda mai yi musu jagora ya nuna wurin da ya ce daga nan ake loda bayi a jirage zamanin da. Yashin wurin ya yi wa gwiwarta yawa, sai aka bar ta a mota, gilashi a ɗan buɗe, tana hango su can nesa suna ɗaukar hoto.

Rana ta huɗu aka je Ganbiye, garin da aka gina a kan ruwa, gidaje a kan turaku, kasuwa a cikin kwale-kwale. Maza biyu ne suka riƙe ta kafin ta iya shiga jirgin, ta zauna a tsakiya ta damƙe katako da hannu biyu. Suna tsakiyar tafkin, mata suna wuce su da jiragen tumatir da itace, wayar Abdussalamu ta yi ƙara. Ya duba, ya juya mata baya, ya saurara. Ta ga kafaɗarsa ta sauka, ta ga leɓensa yana motsi. Da ya kashe sai ta dubi Sahura ta ce, "Lahiya?"

Shi ya amsa. "Lafiya lau, Inna. Maganar kaya ce."

Ranar a wani gidan abinci da ke kan ruwa suka ci soyayyen kifi, ta lura bai ci rabin nasa ba. Washegari ta ce a kira Hindatu, Sahura ta ce layi ba kyau, ba ta ɗaga ido ba.

Rana ta shida aka wuni ana ruwa, ba su fita ba. Abdussalamu ya tafi tashar jiragen ruwa wajen kayansa. Afra'u tana kwance a falo da wayar uwarta tana tura hotuna, sai ta ga saƙon murya daga gwaggonta ta danna. Muryar Hindatu ta cika ɗakin.

"Sahura, don Allah ku gaya wa Inna haka nan. Mutane na ta tambayata ina take. Yau kwana uku da rufe Inna Kubra, ni kam na rasa abin da zan ce musu."

Sahura ta fito daga madafa da gudu, hannunta da kumfar sabulu, amma saƙon ya riga ya ƙare. Inna Balki tana zaune a kan darduma. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati a hankali, sannan ta ce, "Wa ya yi mata wanka?"

Sahura ta durƙusa. "Ban sani ba, Inna. Ki yafe mini. Shi ya ce kada a faɗa miki sai mun koma."

Da ya dawo da yamma, ya ga fuskokinsu, ya gane. Inna Balki ta ce wa Sahura, "Gaya mishi gobe ina so in tahi gida." Ya zauna a ƙasa ya yi mata bayani a hankali. Kayansa ba za su fito ba sai Juma'a, in ya tafi ya bar su ba wanda zai tsaya musu. Ba zai sa ta a mota ita kaɗai da tansiyonta ta yi kwana da wuni a hanya ba. Sahura kuma ba za ta yi wannan doguwar tafiya ba muharrami ba.

"An riga an rufe ta, Inna," in ji shi. "Addu'a ko daga nan tana isa gare ta. Zaman uku da na bakwai ba sa ƙara wa mamaci komai."

Da safe, bayan ya fita, Sahura tana wanka, yara ba su tashi ba, ta sa hijabinta, ta ƙulle zannuwanta biyu a ɗankwali, ta rataya jakarta, ta buɗe ƙofa. Da baya-baya ta sauka matakalar, tana riƙe da ƙarfe. A titi 'yan kabu-kabu masu rawayar riga suka yi ta tsayar da babura gabanta suna magana, ita kuma tana cewa, "Tashar Nijar. Nijar." Wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma, wani ya yi dariya ya wuce. Ta bi inda ta ga motoci sun fi yawa. Ruwan jiya ya kwanta a hanya, takalminta ya jiƙe, gwiwarta ta fara zafi, kuma da ta waiga ba ta gane ta wace kwana ta fito ba. Gine-ginen duk iri ɗaya ne.

A wata mahaɗa ta jingina da bango tana haki. Wani mai shayi da ke gefe, mutum mai furfura a gemu, ya ji tana magana ita kaɗai sai ya ajiye buta.

"Sannu, Inna. Ba daga Arewa kike ba?"

Ta ce mini tunda ta bar gida ba ta ji abin da ya yi mata daɗi kamar wannan tambaya ba. Sunansa Zakari, mutumin wani ƙauye ne kusa da Tibiri, ya fi shekara ashirin a Kwatano. Ya ba ta benci, ya zuba mata ruwan zafi, ta gaya masa komai, abin da ba ta iya gaya wa ɗanta ba. Ya saurara har ta gama.

"Allah shi jiƙanta," in ji shi. "Tashar na da nisa, amma zan iya kai ki. Ina katinki?"

"Yana wurin yaron."

"To, Inna, ba ki wuce shingen hwarko ba tare da shi ba. Kuma lokacin hutu ne, motocin cike suke, sai wanda ya yanki tikiti tun da wuri. Ko na kai ki, zama za ki yi a tasha."

Ta dubi ƙullin kayanta a cinya. Ya tambaye ta ko ta san lambar ɗanta. Ba ta haddace ba, amma Sahura ta rubuta a takarda tun a Doso ta sa mata a aljihun jaka. Ta daɗe kafin ta ciro ta ta miƙa masa.

Ba a jima ba Abdussalamu ya iso a bayan ɗan kabu-kabu, ba hula, idanunsa jawur. Ashe Sahura ta kira shi tana kuka, ya zaga unguwar har bakin ruwa yana nemanta. Ya durƙusa gaban bencin ya fara cewa, "Inna, me ya sa za ki..."

"Abdussalamu."

Ya tsaya. Shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Matar nan ita ta goya ƙanwarka ina kwance. Shekarar da hatsi bai yi ba, ita ta riƙa raba tuwonta biyu tana miƙo maka ta saman darni. Ka ji ta mutu, ka dube ni ka ce maganar kaya ce. Ka zaunar da ni ina cin kihi ana ɗaukata hoto."

"Tansiyonki na ji wa tsoro, Inna. Muna tsakiyar ruwa, in kin faɗi ina zan kai ki?"

"To, wannan tsakiyar ruwa ne. Da munka hito hwa? Kwana biyu kana kallona."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ko a ranar kika tashi, ba za ki iske jana'iza ba."

"Na sani," in ji ta. "Amma da ina bisa hanya."

Zakari ya koma wajen butarsa ya juya musu baya. Abdussalamu ya roƙe ta gafara, hawaye yana bin gemunsa, ta ce ta yafe. Daga nan ya tafi tasha da kansa, ya ce ko kayan za su kwana wata a can zai tafi da ita yau. Ya zaga kamfanoni uku, babu wuri sai ranar Asabar, ranar da dama suka yanki tikiti. Haka ta koma ta hau matakalar nan, yana riƙe da hannunta, tana hutawa a kowane hawa.

Sauran kwanakin ta yi su ne a bakin taga da carbi. Ranar Alhamis ce aka tsara zuwa Garan Popo, wani gari a bakin teku, Abdussalamu ya ce an fasa. Ta ga yadda Rumaisa'u ta yi tsuru-tsuru, sai ta ce wa Sahura yara ba su yi laifin komai ba, a kai su. Ba a yarda a bar ta ita kaɗai ba bayan abin da ya faru, don haka da ita aka tafi.

Can bakin ruwan ya fi faɗi, ga itatuwan kwakwa jere. Aka zaunar da ita a wata rumfa. Maza wajen talatin suna jan igiyar taru daga cikin teku suna waƙa, sun fi awa guda suna ja kafin kifin ya fito. A gefen rumfar wata tsohuwa tana zaune da kwando tana kankare ɓawon kifi, ga tanda tana hayaƙi a bayanta. Inna Balki ta yi ta kallon hannunta. Matar ta lura, ta faɗi wani abu da yarensu, ta ga ba a gane ba, sai ta ɗauko wata wuƙa ta miƙa mata, ta tura kwandon tsakaninsu. Inna Balki ta naɗe hannun hijabi ta kama. Sahura ta taso za ta karɓe, Abdussalamu ya riƙe mata hannu.

A nan ne kukan ya zo mata. Tana kankarewa hawaye yana zuba, tsohuwar ta dube ta sau ɗaya, ba ta daina aiki ba, ta ci gaba da miƙo mata kifi. Suka gama kwandon tare. Da aka kawo abincin rana, kifin da ta gyara ne aka gasa, da miyar tumatir da yaji. Abdussalamu bai ce a ware nata ba. Ta ci loma uku ta ture, ta ce ba ta jin ɗanɗanon komai.

Ranar Asabar suka taso, Lahadi suka iso. Ba ta yarda a wuce da ita Dogon Dutsi ba, a Kore Mairuwa ta sauka, a daidai bishiyar bedin. An yi sadakar bakwai jiya, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse. Matan unguwa suka gaya mata cewa matar liman da wata maƙwabciya ne suka yi wankan, kuma sun yi shi yadda ya kamata. Suka ce kwana biyu kafin rasuwar Kubra ta riƙa tambaya ko Balki ta dawo, da aka ce tukuna sai ta ce a bar ta ta gama kallonta.

Ta zauna a ɗakin Kubra har arba'in. Ita ta share, ita ta raba zannuwan marigayiyar ga dangin da suka zo daga Sukukutane, ita ta tuƙa tuwon sadaka a zaune a kan kujera 'yar tsuguno. Abdussalamu bai halarci arba'in ɗin ba, don bai yarda da ita ba, amma ana gobe ya aiko da buhun hatsi, bai ce na mene ne ba. Ta so ta ci gaba da zama a can. Sati biyu bayan arba'in gwiwarta ta riƙe a bakin rijiya, aka ɗauko ta a amalanke, washegari ya zo da mota. Wannan karon ma ba ta yi gardama ba.

Yanzu shekararta sittin da shida, tana gidan ɗanta a Dogon Dutsi. Sahura tana barinta ta gyara zogale in za a yi kopto, amma ba a barinta kusa da wuta. Ta koma ce masa baban Afra'u. Watan jiya na biya na gaishe ta, na iske yaran suna maganar wai in hanya ta yi kyau ubansu zai kai su Lome. Na tambaye ta ko za ta. Ta ce ta riga ta gaya wa Sahura a kai ta Tibiri wurin Hindatu, ba ta san ko za a yarda ba.

Da na tashi tafiya ta tambaye ni ko ta Kore Mairuwa zan bi. Na ce e.

"To, Mushe, ka tsaya ka nemi Yaro magini. Wata bazawara ce da 'ya'yanta ke zaune ɗakin Kubra yanzu, ba ta san kusurwar gabas tana yoyo ba. Ka ce mishi shi duba rufin kahin ruwa shi sauka."